Afirka a Filin Makaranta: Amsa ga Malamar Labarin Ƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da labarin ƙasa da tarihi a wata sakandare da ke Tudun Wada, nan Kaduna. Zangon karatu mai zuwa darasinmu nahiyar Afirka ne. Damuwata ita ce yaran suna haddace sunayen koguna da tsaunuka da dauloli, su ci jarrabawa, amma da na tambaye su abin da ya sa Kano ko Tambutu suka zauna a inda suke, sai aji ya yi tsit. Ta ina zan kamo bakin zaren?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri, domin tambayar da kike yi wa yaran ita ce ainihin darasin. Bakin zaren kuma ruwan sama ne. Yawan ruwa da ƙarancinsa sun yanka Afirka ziri-ziri daga gabas zuwa yamma, kowane ziri da abin da ake nomawa a cikinsa, da dabbar da ke iya rayuwa, da cutar da ke kisa. Tunda abin da wannan ziri yake da shi maƙwabcinsa ba shi da shi, sai fatauci ya ratsa su kudu da arewa, manyan birane kuma suka tsiro a inda ake sauke kaya a sauya abin hawa. Idan yaro ya riƙe wannan, sunayen da yake haddacewa za su sami wurin zama a kansa.

Sai dai kafin a kai ga ruwa, a fara gyara musu girman nahiyar, don kusan kullum a ƙanƙance suke ganinta. Yawancin taswirorin duniya da ake ratayewa a aji suna bin tsarin da Gerardus Mercator ya fitar a 1569 saboda matuƙan jirgin ruwa. Tsarin yana kiyaye alƙibla, amma yana kumbura duk ƙasar da ta yi nisa da layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. Shi ya sa tsibirin Girinlan yake fitowa kamar ya kai Afirka, alhali faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita miliyan 2.2 ba, na Afirka kuwa ya kai miliyan 30.3, wato ta ninka shi sau 14. Asiya ce kaɗai ta fi ta. Za a iya yanka Nijeriya kusan 33 daga cikinta, jihar Kaduna kuwa sama da 650. Ki kawo lemo aji, a zana masa nahiyoyi da biro, a ɓare, a ce wani ya shimfiɗa ɓawon a kan tebur ba tare da ya tsage ba. Da ya gagara, sun gane cewa duk taswirar da ke kwance sai da aka ja wani wuri aka matse wani.

Abin da ya fi wannan aiki shi ne ku zana Afirka a filin makaranta, kowace mita ɗaya a matsayin kilomita 1,000. Kuna buƙatar tef ɗin magina, igiya, turaku kamar goma, toka ko farar ƙasa, da gawayi. A ja igiya ɗaya gabas da yamma, ita ce ikwaita. A gitta mata wata kudu da arewa, a riƙa aune daga mahaɗarsu. Ƙarshen nahiyar ta kudu, wato Agulhas a Afirka ta Kudu, yana kan igiya ta biyu, mita 3.9 ƙasa da mahaɗa. Ƙarshenta ta arewa a Tunisiya yana mita 4.1 sama, sannan a matsa yamma santimita 90. Tanja ta Maroko mita 4 sama, 2.3 yamma. Dakar 1.6 sama, 4 yamma. Legas santimita 70 sama, mita 1.8 yamma. Duwala santimita 45 sama, mita 1.15 yamma. Suwez 3.3 sama, 1.2 gabas. Tsinin Somaliya, Ras Hafun, 1.15 sama, 3.4 gabas. A haɗa turakun da toka ana duban littafi. Abin da zai fito tsawonsa mita 8 ne, faɗinsa 7.4. Kaduna tana mita 1.17 sama, 1.4 yamma, sai a ajiye dutse a nan. Daga wannan dutse zuwa Kano taƙi ɗaya ne na hannu, kimanin santimita 20. Zuwa Tarabulus mita biyu da rabi, zuwa Kef Tawun mita biyar. Yaron da ya san gajiyar motar Kano, ya kuma ga ita ce taƙi ɗaya, ba sai an ƙara yi masa bayanin faɗin Sahara ba, wadda ta haura murabba'in kilomita miliyan 9.

Kuskuren da yara suka fi yi a wannan zane shi ne su ɗaga ikwaita su kai shi tsakiyar Nijeriya ko bakin Sahara, saboda suna jin inda ya fi zafi nan yake. Layin bai taɓa Nijeriya ba. Ta Gabon yake bi, ya ratsa Kwango biyun, da Yuganda, da Kenya, da kudancin Somaliya, kuma kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar nahiyar suna arewa da shi.

Yanzu ruwa. Iska biyu ke karɓa-karɓa a kanmu. Ɗaya tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ɗayar busasshiya ce daga arewa maso gabas, ita ce ta hunturu, kuma mafi yawan hazon da take kawowa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi yake tashi. Inda suka haɗu layi ne mai tafiya. Yana bin rana ya hau arewa daga bazara, ya kai bakin Sahara a watan Agusta, sannan ya koma kudu har kusa da gaɓar teku a Janairu. Duk garin da layin ya wuce ta kansa ya shiga damina, kuma iya daɗewar layin a arewa da gari, iya tsawon daminarsa. Saboda haka Fatakwal take samun sama da milimita 2,000 a shekara, yankin Kafanchan wajen 1,500, Kaduna kusan 1,200 daga Afrilu zuwa Oktoba, Kano wajen 800, Damagaram wajen 400, Agadas ƙasa da 200, Bilma kuwa sai a shekara ba a ga abin kirki ba. Ɗalibi mai lura zai ce, ai mu daga gabas muke ganin hadari. Gaskiyarsa. Laimar daga kudu maso yamma take shigowa ta ƙasa-ƙasa, amma iskar da ke can sama daga gabas take kaɗawa, ita ke tura hadarin yamma. Dalili ke nan da bangon gabas na gidan ƙasa ya fi cin yaɓe.

Alƙaluman nan ba za su zauna musu ba sai sun auna da hannunsu. A samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne, a kafa shi a fili nesa da indararo da bishiya, a ɗan ɗaga shi daga ƙasa don kada fantsama ta shiga. Kowace safiya a lokaci ɗaya a tsoma rula, a rubuta, a zubar. Bokiti ba ya yi, don bakinsa ya fi gindinsa faɗi, awon zai yi yawa. In aka bari sai rana ta take, wani ruwan ya riga ya ƙafe, awon ya yi kaɗan. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita.

Daga nan sai a zuba amfanin gona a kan taswirar filin, kowane a zirinsa. Kurmi yana da goro, kwakwar manja da doya. Zirin da Kaduna take ciki yana da dawa, masara, acca, da citta a wajen Kachia da Jaba. Arewa da mu gero ne da wake da gyaɗa, har zuwa inda ruwa ya gaza kimanin milimita 300, nan noman damina yake tsayawa, kiwo ya karɓa. Cikin hamada sai dabino a inda aka sami ruwan ƙasa, da gishiri da kanwa. A nuna musu wanne ne ɗan gida, wanne baƙo. Gero a Sahel aka fara noma shi, an kuma sami shaidarsa ta kusan shekara 4,500 a kwarin Tilemsi na Mali. Dawa daga gabashin Sudan take, shinkafar Afirka daga yankin Kogin Kwara, wato Neja, gahawa daga Habasha. Masara, rogo, gyaɗa, tumatir, barkono da koko duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan shekarar 1500. Wato dalar gyaɗar Kano da ake alfahari da ita, baƙon iri ce.

Kudu da ikwaita zirin suna maimaituwa a juye: kurmin Kwango, sai dajin ciyawa na Zambiya da Angola, sai hamadar Kalahari da Namib, kuma daminarsu tana faɗowa lokacin hunturunmu. Akwai wuraren da tsarin ya karye, kuma a faɗa wa yara tun da wuri don kada su ɗauka doka ce marar togaciya. Tudu yana rage zafi da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000, shi ya sa Jos take da sanyi, shi ya sa kuma ake samun ƙanƙara a kan Kilimanjaro mai tsayin mita 5,895 duk da kusancinsa da ikwaita. Somaliya tana kan ikwaita amma busasshiya ce. Akara tana bakin teku, amma ruwanta bai kai na Kaduna ba.

Akwai wani ɗan ƙwaro da littattafan sakandare suke ambata a layi ɗaya su wuce, alhali ya juya tarihin nahiyar fiye da sarakuna da yawa: ƙudan tsando. Yana son inuwa da laima, bakin rafi da kurmi. Cizonsa yana sa wa dabba sammore, mutum kuma ciwon barci. Doki, raƙumi da farar saniyar Fulani ba sa jure masa, sai ƙananan shanu irin muturu. Ki duba abin da ya biyo bayan wannan. Daulolin da ƙarfinsu yake kan barade, irin su Mali, Sangai, Barno da ƙasashen Hausa, sun bazu a fili, amma da sun doshi kurmi sai dawakai su fara mutuwa. Inda babu dabbar ɗaukar kaya, kan mutum ne abin dako, saboda haka kaya suke tsada, sai masu daraja ƙwarai ke yin nisa. Makiyayi yana gangarowa kudu da rani lokacin da ƙudan ya ja baya zuwa bakin koguna, ya koma arewa da damina, kuma wannan kai-komo ya daɗe ƙwarai kafin a shata iyakar kowace ƙasa. Jiharmu tana kan wannan gaɓa daidai. A shekarun 1930 da 1940 ciwon barci ya sa aka sare dajin bakin rafuka a yankin Anchau, aka sake wa mutane matsuguni, har aka kafa garin Takalafiya. Cibiyar binciken wannan cuta ta ƙasa ma a nan Kaduna take. Da sare daji da yawaitar gonaki suka rage ƙudan, shanu suka sami zama a wuraren da a da sai dai su ratsa, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka sauya zaman manomi da makiyayi a tsakiyar Nijeriya.

Sahara kuma kada a koyar da ita kamar katanga, ko kamar haka take tun fil azal. Tsakanin shekara kusan 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce ciyawa ce da tafkuna. A duwatsun Tasili na Aljeriya akwai zanen shanu da makiyaya, a Dabus kusa da Agadas akwai raƙuman dawa da aka sassaƙa a jikin dutse. Tafkin Chadi a lokacin ya haura murabba'in kilomita 300,000, kwarin Bodele da ke aiko mana hazo yau gindinsa ne. A shekarun 1960 tafkin ya tsaya wajen 25,000, farin shekarun 1970 da 1980 kuma ya cinye mafi yawan wannan. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987 a jihar Yobe ta yanzu, mai tsawon sama da mita 8, ya kai shekara 8,000. Da ƙasar ta bushe, mutane suka gangara kwarin Nilu da Sahel, kuma a wajen shekara ta 3100 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, Masar ta haɗu ƙarƙashin sarki ɗaya. In kika so ki koma baya fiye da haka, masu binciken kufai sun tono ƙasusuwan mutane a Jabal Irhud na Maroko da suka ƙiyasta shekarunsu 300,000, suna cikin mafi tsufa da aka sani na mutum irinmu.

Raƙumi ne ya sake ɗinke hamadar bayan ta bushe, tun ƙarnonin farko na Miladiyya. Yana ɗaukar kimanin kilo 150, ayari yana cin kilomita 30 zuwa 40 a yini, hanya kuma rijiya ce ke shata ta. Daga Kano zuwa Tarabulus ta Agadas, Gat da Gadamas, wata uku ne ko fiye; a zana wannan hanya da toka a taswirar filin. To a nan amsar tambayarki take. Raƙumi ba ya son laima, jaki da takarkari ba sa iya hamada. Dole a sami wurin da za a sauke kayan wannan a ɗora wa wancan, kuma wurin ya kasance yana da hatsin ciyar da baƙi, da ruwa, da masu sana'a, da sarkin da zai tsare kasuwa. Tambutu tana kusa da inda Kwara ya fi kutsawa arewa, wato inda raƙumi yake haɗuwa da kwalekwale: gishirin Tagaza da Tawdeni ya sauko, zinariyar kudu ta hau. Kano tana tsakiyar ƙasa mai albarkar noma, ga tama a Dala, ga auduga da baba, saboda haka ba zango kawai ta zama ba, ita kanta tana saƙa da rini da jima, turkuɗinta yana kaiwa har wurin Buzaye. Zariya kuwa ƙofar kudu ce, inda hanyoyin Nupe da Binuwai suke ɓullowa. Ga kuma hanyar Gwanja, wadda fatake suke bi da jakuna a ƙarƙashin madugu, su kai kanwa da tufafi Salaga a Gana ta yau, su dawo da goro, tafiyar da kan ci wata shida har shekara. Unguwannin da ake kira Zango a Kumasi da Akara daga wannan fatauci suka samo asali.

Idan wannan ya zauna, jerin dauloli ba ya wahala, don duk a ziri ɗaya suke. Tsohuwar Gana tana tsakanin Muritaniya da Mali na yau, kuma a ja kunnen yara cewa ba ita ce Gana ta yanzu ba, suna kawai aka ara a 1957. Mali ta tashi wajen 1235, Mansa Musa ya yi hajjinsa a 1324. Askiya Muhammadu ya hau mulkin Sangai a 1493, sojojin Maroko masu bindiga suka karya daular a Tondibi a 1591. Kanem da Barno sun riƙe hanyar Bilma zuwa Fezan ɗaruruwan shekaru. Ta waɗannan hanyoyi malamai da littattafai suka zo, kamar yadda Shehu Magili ya sauka Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, har zuwa jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804. Abu ɗaya nake roƙo: kada a zana wa waɗannan dauloli iyaka da layi mai kaifi kamar ƙasashen yau. Ikonsu yana da ƙarfi a birni da kan hanya, yana raguwa da nisa, wani gari ma yana biyan gandu ga sarki biyu. A zuba toka mai kauri a cibiya, a bar ta tana sirancewa.

Koguna sun zo a baya da gangan, don a Afirka ba su yi aikin da suka yi a Turai ba. Nahiyar kamar faranti ce da aka kife: tudu a ciki, gangare a baki. Saboda haka manyan kogunan suna da duwatsu da gangaren ruwa da ke hana jirgi shigowa daga teku. Kogin Kwango, mai tsawon kilomita 4,700, wanda Amazon ne kaɗai ya fi shi yawan ruwa, ba ya biyuwa tsakanin Matadi da Kinshasa, sai da aka shimfiɗa dogo a 1898. Nilu, mai kilomita 6,650, yana da irin waɗannan duwatsu daga Aswan zuwa kusa da Khartum. Kwara kuwa tafiyarsa ce abin mamaki. Yana tasowa a tsaunukan Gini, kilomita 240 kacal daga teku, ya ba tekun baya ya nufi hamada, ya karya kwana bayan Tambutu, ya sauko ta Yamai da Yawuri, ya karɓi Binuwai a Lakwaja, bayan ya yi kusan kilomita 4,200. Kogin Kaduna da yaran suke tsallakawa kullum reshensa ne: daga tudun Jos yake fitowa, ya ratsa garin nan, ya juya injinan Shiroro, ya faɗa Kwara a ƙasar Nupe. A duwatsun Busa, waɗanda tafkin Kainji ya shanye, Mungo Park ya mutu a 1806. In littafi ya ce shi ya gano Kwara, ki sa yara su gyara jimlar da kansu, don Sarkawa da Nupawa suna kamun kifi a cikinsa tun kafin a haifi kakanninsa.

Gabashin nahiyar ba zai samu lokaci mai yawa a zango ɗaya ba, amma abu biyu kada su wuce. Iskar Tekun Indiya tana kaɗawa zuwa Afirka rabin shekara, ta juya rabin shekara, sai jiragen filafilai suka riƙa zuwa daga Oman da Indiya suna komawa. Haka Kilwa, Mombasa da Zanzibar suka tashi, da harshen Swahili, zinariyar da suke sayarwa kuma daga tudun Zimbabuwe take fitowa. Na biyu Habasha ce, wadda tsaunukanta suka zame mata ganuwa: daular Aksum ta karɓi Kiristanci a ƙarni na 4, can Sahabbai suka yi hijirar farko wurin Najjashi a shekarar 615, a 1896 kuma Menelik ya ci Italiya da yaƙi a Adwa.

Ajinki da kansa taswira ce ta harsunan nahiyar, waɗanda suka kai kusan 2,000. Hausa tana dangi ɗaya babba da Larabci, Amharik, Somali da harshen Buzaye. Gbagyi, Jju, Tyap, Fulfulde, Yarbanci da Ibo suna wani dangin, tare da Swahili da Zulu, domin daga kan iyakar Nijeriya da Kamaru masu harsunan Bantu suka fara bazuwa, shekara 4,000 zuwa 5,000 da suka wuce, har suka kai ƙarshen kudu. Barbarci kuma, wato Kanuri, yana dangi na uku. Ki sa kowa ya ƙirga ɗaya zuwa biyar da harshen gidansu, a rubuta a allo, a nemi masu kama. Kada kuma a bar Nok a baya. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu kusa da ƙauyen Nok a ƙasar Jaba, bincike ya nuna al'ummar ta faro tun wajen 1500 kafin Miladiyya, kuma suna narka tama ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa. Gani ya kori ji: gidan tarihi na Kaduna yana da irin waɗannan kaya, Arewa House kuma tana da takardu da hotuna.

Batun bauta yana buƙatar natsuwa, musamman a aji irin na Kaduna da ya haɗa jikokin kowane ɓangare. Kimanin mutum miliyan 12.5 aka loda a jiragen Turawa zuwa Amurka cikin ƙarni huɗu, kusan miliyan biyu ba su isa da rai ba. Amma ayarin Sahara ma ya kwashi bayi, sarakunan ƙasar Hausa, har da na Zazzau, sun kai hare-hare kudu, kuma wannan yana cikin abin da ya sa al'ummu da dama suka hau duwatsu irin na Kagoro suka zauna. A faɗe shi yadda ya faru, ba tare da an mai da wani yaro mai laifi ko abin tausayi ba. Yaran suna jin labarin a gida ko ba a koyar ba, kuma gara su ji shi daga bakin malama mai adalci. A nan ne kuma za ki nuna musu iyakar darasin ruwan sama: yanayin ƙasa yana bayyana inda hanya ta bi da inda doki ya tsaya, amma kama mutum a sayar zaɓin mutane ne.

Makon ƙarshe, a koma fili da gawayi. A taron Balin na 1884 zuwa 1885 Turawa suka tsara yadda za su raba nahiyar, yarjejeniyoyin Ingila da Faransa da suka biyo baya suka ratsa ƙasar Hausa, Katsina ta faɗo nan, Maraɗi ta faɗa can. Kano da Sakkwato sun faɗi a 1903. A zana dogo: ya isa Kano a 1911, aka haɗa shi da Legas, daga baya wani layin ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan. A zana na Dakar zuwa Bamako, da na Mombasa zuwa Tafkin Biktoriya. Yara za su ga kowane layi daga gona ko mahaƙa yake fitowa ya nufi tashar jirgin ruwa, da wuya ka ga wanda aka shimfiɗa don kawai ya haɗa ƙasa da maƙwabciyarta. Cikin 'yan shekaru kayan da ke bin raƙumi zuwa Tarabulus suka koma bin jirgi zuwa Legas, Agadas da Gat suka koma bayan gari. Kaduna kanta 'yar wannan juyi ce. Ba ta da ganuwa kamar Zariya, don ba ayari ne ya kafa ta ba: inda dogo ya tsallake kogi ne, ga ruwan sha, ga fili, sai Gwamna Lugga ya ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru ya kawo nan, ƙaurar ta kammala a 1917. Ƙasashe 17 suka sami 'yanci a 1960, a 1964 shugabannin Afirka suka amince a Alƙahira a bar iyakokin yadda aka gada. Yau ƙasashen 54 ne, 16 daga cikinsu ba su da gaɓar teku, har da Nijar da Chadi, shi ya sa kayansu da yawa sai sun bi ta tashoshin maƙwabta.

Layi na ƙarshe da za a ja shi ne dogon Kano zuwa Maraɗi ta Katsina, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021. A taswirarku bai kai santimita 30 ba. Ki sa su kwatanta shi da hanyar ayari da suka zana da toka makonni kafin nan, sannan ki ba su tambayar jarrabawa: wane kaya ne zai hau wannan jirgi ya yi arewa, wanne zai sauko kudu, kuma daga wane zirin ruwan sama kowanne ya fito?